Mutum Huɗu a Ɗauka Ɗaya

Shekara arba'in da ɗoriya na yi ina ɗaukar hoto a Damagaram, kuma har gobe idan jikana ya ɗaga waya ya ce in tsaya ya ɗauke ni, tsayawa nake yi, don ba a musu da jika. Sai ya danna sau ashirin, ya goge goma sha tara, ya miƙo mini ɗayan yana jiran yabo. Ni kuwa na tashi a zamanin da fim ɗaya hoto goma sha biyu yake ci, ba ko gyara, kuma ba ka ganin abin da ka ɗauka sai ka shiga ɗakin duhu ka fito. Wanda ya ƙifta ido ya ƙifta ke nan. Sunana Isufu, amma daga Zango har Birni ba mai gane ni sai an ce Isufu Foto.

Tun da waya ta cinye sana'ar na rufe shago, na ɗauka shi ke nan. Sai bara ga wasu samari da 'yan mata sun fara taruwa a gindin bedin ƙofar shagon kowace Asabar da la'asar. Fada suka kafa irin ta shayi, amma tasu ta hoto ce. Sun tono tsofaffin kyamarori daga ɗakunan iyayensu da wajen 'yan gwanjo, suna ɗauka da fim, su ba direba ya kai Kano a wanke, su yi sati biyu suna zaman jira kamar masu jiran haihuwa. Idan hotunan suka iso sai a shimfiɗa tabarma a baje su, a yi ta gardama, wannan rana ta ƙone shi, wancan an guntule wa mutum ƙafa. Babbansu Nasiru, wani mai gyaran waya daga unguwar Kara-Kara, shi ya zo ya durƙusa ya ce in riƙa zama da su ina raba gardama. Na ja aji na kwana biyu, sannan na fito da kujerata.

Ba zan ɓoye ba, zaman ya yi mini daɗi, bakina kuma ya buɗe fiye da kima. Duk Asabar sai na gaya musu cewa hotonsu na waya, ranar da wayar ta faɗa rijiya ya tafi, amma hoton Isufu ba ya mutuwa. In ce su shiga gidajen Birni su dubi bango, za su ga aikina na shekara talatin, baƙinsa baƙi, farinsa fari. Gaskiya ce kuma, akasari.

Akwai wata a cikinsu, Madam Zuwaira, malamar lakwal, wato makarantar boko, 'yar asalin ƙauyen Dakusa, ba ta da yawan magana. Wata Asabar ina tsakiyar wannan cika baki sai ta buɗe jakarta, ta fito da wani ƙyalle, ta warware shi, ta ɗora ɗan ƙaramin hoto a kan gwiwata. Irin na katin dantite ne, katin shaidar ɗan ƙasa, bai kai akwatin ashana ba. Ya koma launin ruwan shayi, fuskar ta narke, sai inuwar kai da kafaɗu. Ta ce in juya bayansa. Na juya, ga hatimina nan ɓaro-ɓaro, shi ko kaɗan bai koɗe ba.

"Baba, wannan mahaifina ne," in ji ta. "Ya rasu ban fara tafiya ba, ni kaɗai ya haifa. Ba shi da wani hoto a duniya sai wannan. Da ina yarinya ina ganin idanunsa a jiki. Yanzu ba na gani."

Nasiru ya duƙa yana fifita gawayin da ya riga ya kama. Ban tambaye ta shekarar da aka ɗauki hoton ba, don launin takardar ya riga ya gaya mini, ya kuma gaya mini laifin wane ne. Kunya ta kama ni irin wadda rabona da ita tun ina yaron shago. Na ce ta bar mini shi sati ɗaya. Amma kafin in faɗi abin da na yi da shi, sai kun san yadda hoto yake rayuwa da yadda yake mutuwa, ku da kuke ganin sana'ar dannawa ce kawai.

Wajen Baba Rasaki na koya, wani Bayarabe da ya tsufa a Zango har Hausarsa ta fi tawa karin magana. Mahaifina baduku ne, ya so in gaji fata da basilla, amma da ya ga kullum ina leƙen shagon mutumin sai ya sayi goro ya kai ni da kansa. Shekarata ta farko ban taɓa kyamara ba. Ruwa nake ɗebowa. Kun san garinmu, duwatsu sun fi rijiyoyi yawa, ga shi hoto ba ya yiwuwa sai da ruwa. Takarda tana shiga magani biyu. Na farko shi yake fito da hoton, na biyu ya kafe shi yadda haske ba zai ƙara taɓa shi ba. To wannan na biyun, in ya gama aikinsa dole a fitar da shi daga jikin takardar, in ba haka ba zai kwanta a ciki yana cin hoton a hankali, sai bayan shekaru a ga ɓarnarsa. Don haka ake ɗauraya. Dokar Baba Rasaki ruwa bakwai ce, kowane a bar hoton ya jiƙa a ciki, a zubar, a zuba sabo. Bayan na bakwai sai ya ɗaga hoton ya ɗiga ruwan kusurwarsa a harshe. In ya ji wani ɗan ɗaci mai zaƙi-zaƙi, to da saura. Yakan ce ido yana cin hanci, harshe ba ya ci. Na taɓa yin biyar na ce masa bakwai ne. Ya ɗanɗana, ya miƙo mini tulu.

Kyamarar da na yi rayuwata da ita mai ido biyu ce, ɗaya a kan ɗaya. Ana rataya ta a wuya a leƙa ta sama kamar mai duba rijiya. A cikinta dama tana komawa hagu, don haka sabon shiga sai ya yi ta juyi yana neman mutumin da yake tsaye a gabansa. Ba ta auna maka haske, ba ta gaya maka komai. Kai ne za ka dubi inuwar bishiya a ƙasa ka san iya ƙofar da za ka buɗe mata. Hoton da take bayarwa faɗinsa da tsawonsa ɗaya ne, ku riƙe wannan, zai yi amfani a gaba. A ɗakin duhu kuma akwai jan ƙwan fitila, da faranti uku, da injin da yake hasko fim a kan takarda. Ba mu da agogon ƙirga daƙiƙa, da carbi nake ƙirgawa, kuma hannuna ya fi agogo da yawa gaskiya. In bazara ta yi, magani ya yi zafi ya riƙa baƙanta hoto kafin ka ce kwabo, sai in sa kwalaben cikin randa tun da safe su huce.

Aikin da na fi alfahari da shi ba na wani babban mutum ba ne. Wani Malam Habu ne a Mirriya, mai kiwon sa. Shekara biyu yana turke shi, yana ba shi dusa da harawa, har ya raɗa masa suna, ran Lahadi kuma zai kai shi kasuwa. Ya aiko a ce in zo in ɗauke su tare. Na shiga mota na je, ashe hoto ɗaya ya rage mini a fim. San ya ƙi tsayawa, da na matso sai ya juya mini gindi, yara suna ta dariya. Tun hantsi nake tsaye har rana ta kusa tsaka ban danna ba. Can na ce wa Malam Habu ya manta da ni, ya kira shi yadda yake kiransa in zai ba shi dusa. Ya yi wata 'yar ƙara da baki, san ya tako ya ɗora hancinsa a kafaɗarsa, na danna. An cinye san tun shekarun baya, Malam Habu ma ya riga mu gidan gaskiya, amma hoton yana nan a zauren 'ya'yansa. Ku da kuke dannawa sau ashirin, ku je ku gani.

A shago kuwa ba irin mutanen da ban gani ba. Sojoji, ma'aikata, ƙawayen amarya da ankonsu, maniyyata. Ina da labule mai zanen jirgin sama, da baƙar kwat guda ɗaya, da rediyo marar batir, da agogon hannu da ya tsaya a ƙarfe huɗu tun kafin in gaje shi. Rabin samarin Damagaram da wannan agogon suka nemi aure. Ran Alhamis, ranar kasuwa, mutanen ƙauye ne suke cika mini ƙofa, masu neman hoton dantite. Su ba sa son jirgi ko rediyo. Rigimarmu ɗaya ce, cire hula. Sai ka lallashi dattijo kamar za ka cire masa haƙori, in ya cire kuma ya ƙame, ya zare ido, ya ɗauke numfashi har sai ka ce ya sake.

Baƙin fim ɗin da ake fitar da hoto daga jikinsa, wanda muke ce wa nagatif, Baba Rasaki uwar hoto yake kiransa. Yakan ce ɗa yana iya ɓacewa, in dai uwa tana nan za a sake haihuwa. Bai taɓa yar da ko ɗaya ba, ni ma haka. Kowane da ambulan ɗinsa. Ba ma rubuta suna, don kowane ƙauye yana da Mamman goma da Abdu ashirin. Sunan ƙauyen muke rubutawa da yawan mutanen. Adakar ƙarfe uku na cika. Uwargidana Hajiya Rabi ta yi shekaru tana neman in zubar da su ta samu wurin ajiye gyaɗa, da na ƙi sai ta jibga buhunanta a kansu.

Mummunar shekara ita ce wadda aka karya darajar kuɗinmu, sefa. Muka kwana muka tashi, fim da takarda da magani, duk daga waje suke zuwa, sun ninka. Masu hoto da yawa suka rufe, wani abokina ya koma sayar da taya. Ga shi damina ba ta yi kyau ba, mutanen ƙauye suna ta neman dantite don tafiya cin rani, kuma ba ka iya duban idonsu ka ninka musu. Sai na fito da dabara. Na kawo dogon benci na ajiye gaban farin ƙyalle, in jera mutum huɗu kafaɗa da kafaɗa, in ja da baya, in ɗauke su a danna ɗaya. A ɗakin duhu sai in hasko layin kawunan kaɗai a kan siririyar takarda, abin da ke ƙasa da ƙirji ban taɓa ɓata takarda a kansa ba. In ya bushe in sa almakashi in raba, kowa ya ɗauki kansa. Wannan dabarar ita ta riƙe shagona, ita ta sa talaka ya samu katinsa, kuma har yau ba na jin kunyarta.

Abin da nake jin kunyarsa a bazarar shekarar ya faru. Famfo ya ƙafe, sai a yi kwanaki ba ɗigo. 'Yan garuwa suna zuwa daga nesa, kafin su iso unguwa an tare su a hanya. Bido ɗaya, jarka ke nan, zai shigo gida, Hajiya tana kallonsa, ni ma ina kallonsa, ga yara. Na rage ɗauraya daga bakwai zuwa biyar, daga biyar zuwa uku. Na daina ɗanɗanawa, don na san abin da harshena zai gaya mini. Na ce wa kaina ai hoton dantite ne, 'yan shekaru kaɗan a sake wani. Ban kawo a raina ba cewa ga mutumin ƙauye wannan shi ne hotonsa na farko, wataƙila kuma na ƙarshe, kuma ragowar da ba a manna a kati ba matarsa ce za ta ƙulle a ƙyalle. Da ruwan sama ya sauka na koma bakwai ɗina. Amma aikin wata huɗu ya riga ya fita gari da hatimina a bayansa.

Wannan shi ne hoton da Zuwaira ta ɗora mini a gwiwa. Washegari na sa aka sauke buhunan gyaɗa, Hajiya tana mita, na buɗe adaka. Ambulan na waccan shekarar ba su da wuyar ganewa, don na saye ma sun gagara, da takardun kaye, littafin rubutun 'yan lakwal, na naɗe su. Na Dakusa kaɗai sun fi talatin, kowane da mutum huɗu, ni kuma ban san fuskar da nake nema ba. Na ɗauko gilashin ƙara girma na duƙufa a kan ɗan hoton. Fuska ta tafi, amma abin da ya fi baƙi shi yake daɗewa. Na ga igiyar laya a wuyansa. A gefen hoton kuma, daidai inda almakashina ya bi, na ga ɗan tsinin kafaɗar maƙwabcinsa a benci, da riga mai ratsi irin ta saƙi. To mai laya nake nema, wanda yake zaune kusa da mai saƙi.

Kwana biyu ina zaune a bakin ƙofa ina ɗaga nagatif sama ɗaya bayan ɗaya. A jikinsa baƙar fuska fara ce, farin ƙyalle baƙi, kuma idon ɗan shekara saba'in ba na ɗan talatin ba ne. Nasiru ya zo ya ce zai iya ɗora kowane a kan haske ya ɗauka da waya, wayar ta juya shi ya koma hoto nan take. Na ce ya tafi da wayarsa. Rana ta uku, da idanuna suka fara zubar da ruwa, na aika a kira shi. Ya iya abinsa, ban dai gaya masa ba. A ambulan na ashirin da wani abu muka same su. Mutum huɗu a benci, na biyu daga hagu da igiyar laya, na ukun da rigar saƙi. Nasiru ya ja hoton da yatsa zuwa ƙasa, sai ya ɗago ya dube ni. Ni ma na ga abin da ya gani. Ya ce bari ya tura mata yanzun nan. Na riƙe masa hannu.

"Hoto na lalata mata," na ce, "hoto zan mayar mata. Ka riƙe bakinka har Asabar."

Allah da ikonsa, Nasiru yana da takarda da magani da ya sa wani ɗan kasuwa ya kawo masa daga Ikko, sun yi wata shida a ɗakinsa bai san ta inda zai fara ba. Ran Juma'a na share ɗakin duhu, na toshe ramukan da gara ta yi, na goge injin. Ƙwan injin ya kama. Gwajina na farko ya yi baƙi ƙirin, na biyu ya yi fari fat, hannu ya kwana biyu. A na uku carbi ya tuna aikinsa. Na tare mai garuwa na sauke bido takwas a ƙofar shago, Hajiya ta leƙo ta tambaya ko suna za a yi ba a gaya mata ba.

Ran Asabar da hantsi Zuwaira ta zo. Muka shiga ɗakin duhu mu uku da Nasiru, Hajiya ta ja kujera ta zauna a bakin ƙofa don kada wani ya buɗe. Na kunna jan ƙwai. A karo na farko tun da aka ɗauke shi, na hasko nagatif ɗin gaba ɗayansa, daga sama har ƙasa, a kan babbar takarda. Na ja carbi, na kashe injin, na zura takardar cikin farantin farko. Zuwaira ta ce ba ta ga komai ba. Na ce ta yi haƙuri, hoto ba ya son gaggawa.

Ratsin saƙi ne ya fara fitowa, sai gashin kawuna, sai idanu. Mutum huɗu suka taso daga cikin ruwan, duk sun ƙame, ba hula. Na nuna mata na biyu daga hagu. Saurayi ne ashe, bai kai shekarunta na yanzu ba, mai faɗin goshi irin nata. Ta daɗe tana kallonsa, ina jin numfashinta. Can sai idonta ya sauka ƙasa, inda ban taɓa wankewa ba. A kan cinyarsa akwai jaririya cikin zane, da ɗan warwaro a hannu. Ƙafarta ɗaya ta yi hazo-hazo don tana harbawa lokacin da na danna. Ɗayar kuwa tana cikin tafin hannunsa, ya riƙe ta.

"Baba," ta ce, muryarta can ƙasa, "wannan ɗiyar ta wace ce?"

"Ke kika ce ke kaɗai ya haifa."

Ba zan ce na tuna sunansa ba, ƙarya ce. Amma tun da na ga nagatif ɗin na tuna faɗan da na yi masa. Matarsa ta shiga kasuwa sayar da man gyaɗa ta bar masa yarinya, yarinyar ta ƙi kowa, ga layi har titi. Ya zauna da ita a kafaɗa. Na daka masa tsawa na ce ya sauke ta ƙasa, hukuma kansa take so ba ɗiyarsa ba. Ya sauke ta a cinya, ya zare ido ya ƙame kamar sauran, yana jijjiga ta da gwiwa a hankali har sai da na sake yi masa magana. Duk wannan na gaya mata a cikin jan hasken nan. Ta miƙa hannu za ta taɓa, na ce tukuna, bai kafu ba. Na mayar da shi farantin magani na biyu, muka tsaya muna jira.

A waje muka yi ɗauraya, gindin bedi, ita take zuba ruwan ni ina juya faranti. Na ɗaya, na biyu, na uku. A nan na tsaya na ce mata iya nan na yi wa mahaifinta a wancan karon, shi ya sa idanunsa suka ɓace mata. Ba rana ba ce, ba ƙyallenta ba ne, ni ne. Ta dube ni, ta ɗaga bido ta zuba na huɗu. Da muka kai bakwai na ɗiga kusurwar a harshe. Ruwa ne zalla. Duk da haka na ce ta zuba na takwas, tun da an riga an saye shi.

Kafin la'asar ya bushe a igiya, 'yan fada suka taru. Ba a taɓa baje hoton da ya sha kallo irin wannan a tabarmar nan ba. Wani ya ce dubi yadda kowane zare na saƙin ya fito. Wani mai kaifin baki ya ce ƙafar jaririyar ta motsa, aibi ne, sauran suka taso masa. Na bar su suka gama, sannan na gaya musu labarin ruwa uku da bakina, don gara su ji daga gare ni. Na ce maganar da nake yi musu kullum tana da gyara. Hoton Isufu yana mutuwa in Isufu ya yi masa rowar ruwa. Amma su duba da kyau, shekara talatin uwar tana kwance ƙarƙashin gyaɗar Hajiya, ko ƙwarzane babu, kuma mutum huɗu a danna ɗaya ba wanda ya ƙifta. Wanda zai iya wannan da wayarsa ya ɗaga hannu. Ba wanda ya ɗaga.

Daga nan hannuna ya tafi inda ya saba. Na ɗauko tsohon almakashina, da niyyar in fitar mata da kan mahaifinta daidai girman wanda ya koɗe, ta mayar cikin ƙyallenta, in ya so in sake wanke mata cikakken daga baya. Har na ɗora bakin almakashin ƙasa da kafaɗarsa, sai ta dafa hoton.

"Baba, ajiye shi. An yanke ni daga jikinsa sau ɗaya, ya isa haka." Ta bi sauran da yatsa. "Su ma waɗannan ukun suna da nasu a Dakusa."

Na ajiye. Na juya bayan hoton, na hura wa hatimina iska, na buga shi da kyau.

Ran Lahadi ta tafi da shi gida wajen mahaifiyarta. Alhamis ɗin da ta biyo baya, ina zaune a gindin bedi da hantsi, motar Dakusa ta tsaya a bakin titi. Wata tsohuwa ta sauko, da magidanta biyu, da wani dattijo mai sanda wanda na gane kafaɗarsa tun kafin ya ƙaraso, ko da yake ba saƙi a jikinsa. Kowannensu da ɗan ƙyalle a ƙulle a hannu. Na miƙe na ba dattijon kujerata, na leƙa gida na ce wa Hajiya ta aika a kira mai garuwa.